Yaya Ake Rera Maganar Wanda Mantuwa Ta Kama?

A ranar 26 ga Nuwamba 1901, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus, wani likita mai suna Alois Alzheimer ya zauna gaban wata mata 'yar shekara 51 da aka kwantar kwana ɗaya kafin nan. Ya tambaye ta sunanta, ta ce Auguste. Ya tambayi sunanta na biyu, ta ce Auguste. Ya ce to mijinki fa, ya sunansa? Ta ce Auguste, ina jin. Da aka ba ta takarda ta rubuta sunanta, sai ta fara, ta tsaya, abin ya ƙi, ta ce ta ɓatar da kanta. Likitan bai gyara mata magana ba, yadda ta fito daga bakinta haka ya zuba ta a takarda. Matar, Auguste Deter, ta rasu a 1906, a ƙarshen shekarar kuma ya kai wa taron likitoci a Tübingen bayanin abin da ya gani a ƙwaƙwalwarta, cutar da yau take ɗauke da sunansa. Fayil ɗin ya yi ɓatan dabo shekaru masu yawa, sai a 1995 aka tono shi a ma'ajiyar takardun asibitin.

Duk wanda ya karanta wannan 'yar tambaya da amsa zai rantse rubutun wasan kwaikwayo ne. Suna ɗaya ya dawo sau uku, kowane zuwa da nauyinsa, na ukun yana jan shakka a bayansa. Da wuya marubuci ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro irin wannan. A kan haka ne masu wani nau'in wasan daɓe suka kafa sana'arsu: su je su naɗi maganar mutanen da abu ya faru a kansu, su ɗora ta a dandamali ba ƙari ba ragi. Bari mu kira shi wasan shaida. A 'yan shekarun nan wasu sun ƙara masa hawa, suna mayar da maganar da suka naɗa waƙa. Idan kuma aka ce waɗanda za a naɗa masu cutar mantuwa ne, to an ɗaure abubuwa uku a igiya ɗaya, kowanne na ja zuwa nasa ɓangaren. Shaida gaskiya take nema, waƙa daɗin ji take nema, cutar kuwa tana cinye abin da mai ba da shaida ke dogara da shi.

Wasan shaida ya daɗe. Tun 1925 Erwin Piscator ya shirya wasa a Berlin da jawabai da rahotannin jarida da hotunan fim na gaske. A 1965 Peter Weiss ya gina nasa a kan shaidar da aka bayar a shari'ar ma'aikatan Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi. A farkon shekarun 1990 Anna Deavere Smith ta riƙa hira da mutanen unguwannin Amurka da rikici ya ɓarke a cikinsu, sannan ta hau dandamali ita kaɗai tana fitowa a matsayin kowannensu, da in'inarsa da inda-indarsa. Wanda ya buɗe ƙofar waƙa sosai shi ne London Road, da aka fara nunawa a 2011 a babban gidan wasa na ƙasa da ke Landan. Marubuciyarsa, Alecky Blythe, ta naɗi mazauna wani titi a garin Ipswich, titin da mutumin da ya kashe mata biyar a 2006 ya zauna. Mai tsara kiɗan, Adam Cork, ya saurari muryoyin, ya bi hawansu da saukarsu, ya sa musu kiɗa, har da gyaran murya da maganar da aka fara aka fasa.

Dabarar ita ma tana da magabata. Mai tsara kiɗa Leoš Janáček ya shafe shekaru yana yawo da ɗan littafi yana rubuta karin maganar mutane da alamomin kiɗa, Steve Reich kuma a 1988 ya sa kayan kiɗa masu tsirkiya su bi sawun muryoyin da ya naɗa. Mai jin Hausa ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba. Ya san abin da ya raba kukan yaro da kukar da ke tsaye a daji hawa da saukar murya ne kawai. Magana da waƙarta take zuwa, mai tsara kiɗa fito da ita kawai yake yi.

Ita cutar sai an tsaya a kanta kaɗan, domin yawancin kuskuren da ake tafkawa a dandamali daga rashin saninta yake farawa. Abin da likitoci ke kira dimenshiya suna ne da ya tattara cututtuka da dama masu lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kusan miliyan 10 na ƙaruwa duk shekara, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce. Akwai wadda matsalar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, mai tafiya kamar saukar matakala, mutum ya daɗe a hali ɗaya sai kwatsam ya ja baya. Akwai ta Lewy, mai sa mutum ganin mutane ko dabbobin da ba sa wurin, hankalinsa ya riƙa zuwa yana komawa cikin yini guda. Akwai mai kama gaba da gefen ƙwaƙwalwa, wadda sau da yawa ke zuwa kafin shekara 65, ta fara da sauya hali ko ƙwace kalmomi alhali tunawa na nan da sauranta. Ke nan sunan cutar mantuwa ma bai ɗauke ta duka ba, muna amfani da shi ne don shi aka sani. Gigin tsufa kuwa ya fi shi ɓatar da mutane, domin yana sa a ɗauka abu ne da ke jiran kowane tsoho. Wasan da ya nuna tsohuwa ɗaya ta manta sunan ɗanta ya ce ga cutar nan, kunnen giwa ya ɗaga ya ce ga giwa.

Wasan shaida a kan alkawari ɗaya yake tsaye: abin da kuke ji, wani ya faɗe shi da gaske. 'Yan kallo kuma sukan yi wa alkawarin ƙari da kansu, su ɗauka cewa abin da aka faɗa ya faru. Da mai cutar mantuwa, waɗannan biyun raba hanya suke yi. Mu ƙaddara an zauna da wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, rikoda na kan tebur. Ya gyara zama ya ce jiya ya kai jirgi tasha a kan lokaci, ko minti ɗaya bai makara ba, ya dawo ya tarar mahaifiyarsa na jiransa a bakin ƙofa. 'Yarsa na gefe tana kallon ƙasa. Ta san ya bar aiki shekara ashirin da suka wuce, mahaifiyar kuma ta rasu tun kafin nan. Shi kuwa ba ƙarya yake shara musu ba. Ƙwaƙwalwa ce idan ta tarar da rami a tunani sai ta cike shi da abin da ke kusa, mai ita kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Marubuci ya koma gida da wannan naɗi, me zai yi da shi? Idan ya jefar saboda bai faru ba, ya rufe bakin mutumin da ya ce ya zo ji. Abin da aka fi yi shi ne a bar maganar, sai a sa 'yar ta juyo ga 'yan kallo ta ce, Baba ya daɗe da barin aiki, Kaka kuma ta rasu. A take dattijon ya tashi daga mai ba da labari ya koma abin nuni, kamar majinyacin da malami ya tsayar gaban ɗalibai. Ni a ganina a bar masa maganarsa ta tsaya da ƙafarta. Ranar da shekarar sun kuskure, amma abin da yake faɗa game da kansa daidai ne: shi mutum ne mai cika aiki, kuma yana son a ce akwai mai jiransa. Wannan ita ce gaskiyar da irin wannan wasa zai iya riƙewa, ta wanda ke zaune gaban rikoda a yau da yadda yake harhaɗa duniyarsa. 'Yan kallo ba yara ba ne, za su gane da kansu cewa mai furfurar nan bai ja jirgi jiya ba.

Marigayi Tom Kitwood, wanda ya koyar a Jami'ar Bradford, ya yi wani bayani a littafinsa na 1997 da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. Ya ce ba duk lalacewar da ake gani a majinyaci daga ƙwaƙwalwa take ba, wani kaso daga mutanen da ke kewaye da shi yake: a yi magana a kansa yana zaune, a mayar da shi yaro, a yi masa sauri, a ƙaryata abin da yake ji. Mai hira da bai yi hattara ba zai aikata duk waɗannan cikin rabin awa, da kyakkyawar niyya kuwa. Tambayar da ta fi zuwa baki ita ce, ka tuna kaza? Ga mai cutar mantuwa wannan jarrabawa ce da ya san zai faɗi, sai ya kama bakinsa ko ya fusata. Anne Basting a Amurka ta gane haka tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da take aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta daina neman su tuna, ta koma nuna musu hoto tana tambaya me suke gani, wa ke ciki, ina za shi. Mutanen da aka ɗauka magana ta ƙare musu sai ga su suna zuba labari. Lokaci ma yana da tasiri, don da yawansu ruɗewa na ƙaruwa idan rana ta yi sanyi, hirar hantsi ta fi ta la'asar albarka.

To me ya kawo waƙa cikin lamarin? Me ya hana a yi wasan da magana zalla?

Tambayi duk mai jinyar irin wannan majinyaci abin da ya fi cin ransa, da wuya bai ambaci maimaici ba. Uwa na zaune a ɗakinta na shekara arba'in, ta dubi 'yarta ta ce, yaushe za mu tafi gida? Bayan minti biyar ta sake. Kafin dare ta tambaya sau talatin. A wasan magana idan aka maimaita jimla sau huɗu 'yan kallo sun fara gyara zama suna duba agogo, dole marubuci ya rage, da ya rage kuma ya ɓoye ainihin nauyin abin. A waƙa kuwa maimaici ɗan gida ne, sunansa amshi. Kunnen da ke gajiya da jimlar da aka maimaita shi ne ke jiran amshi ya dawo.

Ga yadda gwani zai iya sarrafa ta. Ya ɗauki tambayar uwar daga rikoda, ya rubuta karinta yadda ta faɗa, da 'yar hawan nan a kalmar ƙarshe. Duk sanda tambayar ta dawo ba ya taɓa ta ko kaɗan, domin a wurin uwar kowane karo shi ne na farko. Abin da ke sauyawa shi ne kiɗan da ke ƙarƙashi da amsar 'yar. Karon farko fiyano ce kaɗai, a natse, 'yar ta ce, muna gida ai, Mama, ga kujerarki ga hotonku da Baba. Karo na uku kiɗan ya fara takurewa, amsar ta koma, gida muke, Mama. Karo na shida ta ce, an jima. Karo na tara ba ta ce komai ba, sai kayan kiɗa ke ɗauke da abin da ta haɗiye. Can wajen na goma sha biyu ta zauna kusa da ita ta ce, wane gidan, Mama? Ba ni labarinsa. A minti huɗu ɗan kallo ya ji lokaci iri biyu tare, na uwar da ya tsaya cak da na 'yar da ke tafiya yana cin ta. Magana zalla ba ta iya ɗora biyun nan a kan juna, kiɗa yana iyawa. A ganina wannan shi ne babban dalilin yin wasan da waƙa, ya fi duk wani zancen cewa kiɗa na taɓa zuciya.

Sai dai kayan aikin da ke iya wannan shi ne kuma ya fi iya ƙarya. Mai tsara kiɗa ya saba da kari mai daidaito da amsa-amo, maganar mai cutar mantuwa kuwa tana yankewa a inda ba a zata ba. Dattijo na neman kalmar cokali, ya yi shiru na daƙiƙa goma, ya ce abin nan, abin nan na baki. Hannun mawaƙi zai yi ta ƙaiƙayi ya cike shirun da goge mai sa hawaye, ko ya matse shi ya koma daƙiƙa biyu don ya shiga kari. Duk wanda ya yi, ya share wahalar da mutumin ya sha kafin ya kamo maganar. Shiru na daƙiƙa goma a dandamali dogo ne ƙwarai, har ana jin motsin kujeru, kuma wannan rashin sukunin shi ne kusan abin da iyali ke ji kullum a gida. Waƙar da ta dace da irin wannan magana takan fito a karkace, da wuyar haddacewa, 'yan wasa su yi ta ƙorafi wajen gwaji. Idan ta zo da santsi tun karon farko, akwai alamar an yi mata aski.

Gaskiya ne kiɗa na da wani matsayi na daban a wannan cuta. Wani bincike da aka buga a mujallar Brain a 2015 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki idan mutum ya ji waƙar da ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar Alzheimer ke jinkirin lalatawa. An kuma daɗe da lura cewa abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa ya fi kama shi. Mawaƙin Amurka Tony Bennett, wanda aka gano yana da cutar a 2016, ya hau dandamali a New York a 2021 yana da shekara 95 ya rera waƙoƙinsa. A 2020 wani tsohon malamin kiɗa a Ingila, Paul Harvey, ɗansa ya ba shi sauti huɗu kacal, ya zauna gaban fiyano ya ƙaga kiɗa a take, daga baya ƙungiyar makaɗan BBC ta naɗe shi. Duk wannan ya faru.

Amma daga nan ne tarkon da ya fi kowanne daɗi yake. Kowa na son ganin tsohon da ya yi shiru shekara biyu an sa masa waƙa ya farfaɗo. Intanet cike take da irin waɗannan bidiyo. A 2020 wani ya zagaya duniya, na wata tsohuwar mai rawa a Sifaniya tana kan keken guragu, an sa mata kiɗa hannuwanta suka tashi. Motsin nata gaskiya ne. Amma an cusa hoton wata matashiya tana rawa a dandamali a tsakanin bidiyon, kowa ya ɗauka ita ce a ƙuruciyarta, daga baya aka gano wata ce daban. Ƙaramin ƙari ne, an yi shi don abin ya fi ratsa jiki, kuma irinsa ne ke jiran duk mai wasan shaida a kowane shafi. Bidiyon ba ya nuna minti ashirin bayan an kashe kiɗan. Nazarin da Cochrane, cibiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a kan gwaje-gwajen jinya da kiɗa ya samu alamar yana rage baƙin ciki, amma bai samu wani tasiri na a zo a gani a kan kaifin tunani ba. Wasu ma kiɗan tayar musu da hankali yake, ko don ƙara, ko don waƙar ta tono wani rashi. Wasan da ya rufe labule a daidai lokacin farfaɗowa ya sallami 'yan kallo da daɗin rai, ya bar mai jinya ta koma gida tana tuhumar kanta me ya sa nata uban bai farfaɗo ba.

Sai batun izini, wanda ya fi duk sauran sarƙaƙiya. A wasan shaida na yau da kullum mutum ya sa hannu a takarda, magana ta ƙare. A nan kuwa wanda ya sa hannu ranar Litinin yana iya tambaya ranar Laraba, wace ce wannan, me ta ajiye a kan tebur? Wasu na ganin mafita ita ce a tsallake majinyaci a nemi izinin iyali. Dokar da Ingila da Wales suka kafa a 2005 kan ikon yanke shawara ta bi wata hanya: a ɗauka mutum na da ikon har sai an tabbatar ba shi da shi, a auna ikon a kan kowace shawara daban, kuma don mutum ya zaɓi abin da wasu ke gani wauta ce bai zama hujjar ƙwace masa zaɓi ba. Wanda ba zai iya lissafin kuɗinsa ba yana iya sanin sarai ko yana son a ji labarinsa. Masu bincike a fannin sun daɗe da komawa ga neman izini a kowane zama: a sake gabatar da kai, a sake nuna rikoda, a sake tambaya. A kuma karanta jiki, domin wanda ya kau da fuska, ko ya ture na'urar, ko ya miƙe ya nufi ƙofa, ya ba da amsa ko da bakinsa ya ce to.

Duk da haka akwai ramin da ba dabarar da ke cike shi. Wasan waƙa yakan ci shekaru kafin ya kai dandamali, daga naɗi zuwa rubutu zuwa kiɗa zuwa neman kuɗi. Wanda aka gano yana da cutar Alzheimer bayan shekara 65 yakan rayu shekara huɗu zuwa takwas a matsakaici, ko da yake wasu na kaiwa ashirin. Ke nan mutumin da ya ce na yarda, da wuya ya zama shi ne zai zauna a kujera ranar buɗe wasa, in ma yana raye. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya tambaya tun da wuri, tun bakin na iya faɗa: me ba ka so a nuna ko da daga baya ka daina damuwa? Wa ka amince ya yanke hukunci a madadinka? Sunanka na gaskiya ko wani? Kuma a bar ƙofar janyewa a buɗe har daren ƙarshe, ko da waƙar da za a cire ita ce ta fi kowacce kyau. Nan ne ake gane wanda ya zo don mutanen da wanda ya zo don wasansa.

Masu jinya su ma suna da nasu haɗarin, ta fuska biyu. Na farko, sun iya magana. Jimlarsu a cike take, labarinsu na da kai da gindi, ga gajiya da ƙauna da fushi duk a wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in wannan jinya, kuma ba kasafai ake tambayarsu yaya suke ba, don haka idan suka samu mai saurare sai su buɗe ciki. Kafin marubuci ya ankara wasan ya zama nasu, majinyacin ya koma wani abu da ke kwance a tsakiyar dandamali ana zagaya shi da waƙa. Na biyu, sukan faɗi abin da ba za su so su ji a bakin 'yan amshi ba. Matar da ta kwana uku ba barci tana iya cewa wani lokaci takan yi fatan mijin ya huta kowa ya huta. Gaskiya ce, kuma dubban masu jinya za su ji sanyi su san ba su kaɗai ba ne. Amma ta faɗa ne a ɗaki, ga mutum ɗaya, ba ta hango mutum goma sha biyu suna rera ta kowane dare gaban surukanta ba. A London Road akwai inda wata mazauniyar titin ta ce za ta iya gaisawa da makashin hannu da hannu saboda ya raba su da mata masu zaman kansu da ke tsayawa a unguwar. Maganarta ce, ba a ƙara mata ba, amma ta nuna yadda wannan salo ke tsiraita mai magana. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a kunna wa kowa waƙarsa a keɓe kafin duniya ta ji.

Ɗan wasa kuma aikinsa ya riƙe muryar da amana, numfashinta da tsayawarta, ya bar jikin ya huta. Da zarar matashi ya fara karkarwar hannu da jan ƙafa da sakin baki, an koma kwaikwayon cuta. Dariya ma kada a ji tsoronta. Masu cutar mantuwa da yawa suna da barkwanci, suna sane suke yi, har kansu suke zolaya. Abin dubawa kawai shi ne, da mai maganar na cikin zauren, zai yi dariyar tare da jama'a ko zai sunkuyar da kai?

Akwai kuma siffar labarin gaba ɗaya. Wasa na son tafiya daga wani wuri zuwa wani, hanyar da cutar ta shimfiɗa kuwa gangara ce: alamun farko, zuwa asibiti, manta sunan 'ya'ya, gado, makoki. Marubuci ba ya shan wahala idan ya bi ta. Sai dai a cikin 'yan kallo akwai wanda likita ya gaya wa sakamakonsa watan jiya. Kate Swaffer, 'yar Ostareliya da aka gano tana da cutar tun ba ta kai shekara 50 ba, ta sha faɗin cewa shawarar da aka ba ta ita ce ta bar aiki ta koma gida ta shirya wa ƙarshe. Ta ƙi, ta ci gaba da karatu, a 2014 kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar duniya ta masu cutar da kansu. Tsakanin ranar sakamako da ranar makoki akwai shekaru na rayuwa, da faɗa da shiri da soyayya da gundura, kuma su ne ba a cika nunawa ba. Tun da cutar kanta ba ta bin jerin kwanaki, ba dole wasan ya bi ba. Yana iya tafiya yadda tunanin mai shi ke tafiya, waƙa ta kira waƙa, shekara ta tsallake shekara.

Wasu gidajen wasa sun wuce matakin naɗar mutane kawai. Gidan wasa na birnin Leeds a Ingila ya fara shirya nuni na musamman don masu cutar a 2014: ba a kashe fitilun zaure gaba ɗaya, ana rage ƙarar sauti, mutum na iya tashi ya fita ya dawo, ko ya bi waƙa da baki ba mai harararsa. A 2018 kuma ya yi biki na wasanni wanda masu cutar da masu jinyarsu ne suka zaɓi abin da za a nuna. Idan sun zauna a teburin da ake yanke shawara, tambayoyi da yawa da marubuci ke kwana yana juyawa a kai sukan samu amsa cikin minti ɗaya, wani lokaci amsar da bai so ba.

Mu koma ga direbanmu. An yi shekara uku, wasa ya kammala, an shirya nunin rana, 'yarsa ta kawo shi ta zaunar a layi na uku kusa da ƙofa. Yanzu maganarsa ta ragu ƙwarai. Ɗan wasa ya fito, fiyano ta ɗauko karin muryar da aka naɗa a kan teburin nan, ya rera cewa jiya ya kai jirgi tasha a kan lokaci, ko minti ɗaya bai makara ba. 'Yar ta riƙe numfashi tana satar kallon uban, ba ta san ko zai gane ba, ba ta ma san wanne take fata ba. Yatsunsa na bugun hannun kujera daidai da kiɗan. Da waƙar ta kai wurin uwar da ke jira a bakin ƙofa, sai ya karkato ya ce mata, da ƙarfin da har na layin gaba suka waiwayo, wannan mutumin ya san aiki, wane layi yake ja?